Na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, masu gida sun yi shiru: in riƙe kuɗin haya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Barista. Ina rubuto maka ne daga birnin Phoenix a jihar Arizona, hankalina a tashe yake. Yau kwana huɗu ke nan da na'urar sanyaya ɗakinmu ta mutu. Muna hawa na biyu a wani rukunin gidajen haya, muna biyan dala 1,500 a wata. Ina goyon jaririya 'yar wata biyar, ga kuma surukata Hajiya, ta haura shekara saba'in, tana shan maganin hawan jini. Baban yara direban babbar mota ne, sai mako mai zuwa zai dawo. Sau uku ina zuwa ofishin manaja, kullum sai su ce ana jiran kayan gyara. Jiya da tsakar dare ma'aunin da ke bango ya nuna 96. Wani bawan Allah a zauren WhatsApp na mutanenmu ya ce dokar Amurka ta wajabta wa duk mai gidan haya ya ba da sanyi, don haka kada mu biya kuɗin watan Agusta sai an gyara, wai shi ma haka ya yi kuma ya ci nasara. Saura kwana uku wata ya ƙare. Da gaske akwai wannan doka? In riƙe kuɗin? Don Allah a taimaka mini.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo sauƙi, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya jaririya.

Kafin mu taɓa doka: kada ku sake kwana a ɗakin nan. Digiri 96 a ma'aunin Amurka ya zarce 35 a ma'aunin da muka saba da shi a gida, kuma a irin wannan zafi fanka ba ta kare tsoho, iskar zafin kawai take juyo masa. Wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa yawan fitsari, suna rage ruwan jiki, tsoho kuma ba ya jin ƙishirwa da wuri. Ki kira 211 su faɗa miki wurin shan sanyi mafi kusa da ku, ko ki ɗauki Hajiya da jaririya ku tafi gidan 'yan'uwa. Jaririyar da ba ta kai wata shida ba a ƙara mata nono, kada a ɗura mata ruwa. Idan kika ga Hajiya ta fara ruɗewa, maganarta ba ta haɗuwa, ko jikinta ya yi zafi rau, 911 za ki kira nan take. Na san za ta ce ita 'yar zafi ce, ta ga bazara iri-iri. Ki lallashe ta. Bazarar gida ana shanta ne a tsakar gida da inuwar darbejiya, a kwana a waje iska na kaɗawa, ba a cikin akwatin da aka gina shi don na'ura, bangonsa ya sha rana yini guda ba. A shekarar 2023 mutum 645 zafi ya kashe a gundumar Maricopa da kuke ciki, kusan ɗaya bisa huɗu a cikin ɗaki suka mutu, kuma akasarin waɗannan akwai na'urar a gidan, aiki ne ba ta yi.

To, dokar. Babu wata dokar tarayya a Amurka da ta tilasta wa mai gidan haya ya sa iyakwandishan. Abin da kusan kowace jiha ta wajabta shi ne ɗumama ɗaki lokacin hunturu, sanyi kuwa an daɗe ana kallonsa a matsayin jin daɗi. Sai birni ko gunduma ta tashi ta yi tata. Dallas ta ce kada ɗakin haya ya wuce digiri 85, alhali dokar jihar Teksas ba ta wajabta na'urar ba. Gundumar Montgomery a Maryland ta yi tata a 2020, digiri 80 daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba. Jihar Oregon, bayan zafin 2021, a 2022 ta tsaya ne a kan hana masu gida haramta wa ɗan haya sa tasa na'urar ta tafi-da-gidanka. Kowa da irin tasa.

Ke kin yi dace da inda kike. Dokar birnin Phoenix ta ce dole gidan haya ya kasance da abin sanyaya shi: idan iyakwandishan ne, ya iya sauke ɗaki zuwa digiri 82, idan kuwa mai aiki da ruwa ne, zuwa 86. Wannan mai ruwan, yadda randa take sanyaya ruwa haka yake aiki, shi ya sa da damina ta shigo a Yuli da Agusta, iska ta yi laima, sai ƙarfinsa ya ragu. Sannan dokar haya ta jihar Arizona ta sa sanyi a sahu ɗaya da ruwan famfo da wuta da ruwan zafi, matuƙar an ba ku gidan da na'urar a ciki. Ɗakin da yake 96 da tsakar dare ya saɓa wa duka biyun, babu ja. Kina da gaskiya.

Amma kada ki riƙe kuɗin haya. Ki sake karantawa: kada ki riƙe.

Wannan magana ta "ƙi biya har sai ya gyara" ita ce ta fi kowace raba mutanenmu da gidajensu a jihar nan, kuma ba na yin mako ban ji ta ba. Tana da daɗin ji domin ta yi kama da adalci: ka hana ni haƙƙina, na hana ka naka. A zaure za ta ci, a gaban alƙalin Arizona ba ta ci. Sashe na 33-1368 na dokar jihar ya faɗa ƙarara cewa ɗan haya ba shi da ikon riƙe kuɗin haya bisa wani dalili da dokar ba ta amince da shi ba. Ranar da kika ƙi biya, kin ɗauki shari'ar da ke hannunki kin miƙa wa mai gida. Jiya shi ne mai laifi, yau ke ce ake ƙara.

Ki dubi yadda kwanakin suke tafiya. Ranar 1 ga wata kuɗi bai shiga ba. Washegari yana iya miƙa muku takardar wa'adin kwana biyar. Kwana biyar ɗin na cika ya shigar da ƙara a ƙaramar kotun unguwa, kuma doka ta ce a zauna tsakanin kwana uku zuwa shida daga fitar sammaci. Zaman kansa sau da yawa 'yan mintoci ne. Tambayar farko: kun biya? Idan hukunci ya faɗa kanku, bayan kwana biyar mai gida yana iya karɓo takardar da za ta sa jami'in kotu ya zo ya canza makulli. Ki lissafa da kanki. Kafin watan Agusta ya ƙare kina iya tsintar kanki a filin ajiye motoci da jaririya a baya da Hajiya a gefe, a garin da daga 30 ga Yuni zuwa 30 ga Yulin 2023 ya jera kwana 31 zafi bai sauka ƙasa da digiri 110 da rana ba. A waccan shekarar ƙararrakin korar 'yan haya sama da 80,000 aka shigar a gundumar Maricopa. Kotunan nan sun saba, kamar injin niƙa suke.

Kuma kuɗin ƙaruwa yake da kowane mataki. Kafin a shigar da ƙara, idan kika biya bashin da tarar jinkiri, magana ta mutu. Bayan an shigar, sai kin haɗa da kuɗin kotu da na lauyansa. Bayan hukunci kuwa, ko kin zo da kuɗin a hannu, sai ya ga dama ya bar ku. Ba dole ba ne ma ya karɓi rabin kuɗi tun farko.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Sunan da ya shiga rajistar kotu a matsayin wanda aka kora, kamfanonin da ke tantance masu neman haya suna iya nuna shi har shekara bakwai. Duk gidan kirki da kuka nema, a danna kwamfuta a ce ku yi haƙuri. Sai ku ƙare a irin gidajen da ba sa tambayar tarihi, waɗanda su ne na'urorinsu suka fi mutuwa. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Na taɓa zama a kan benci a ƙofar kotu da wani dattijo da aka yanke wa hukunci, ya buɗe jaka yana nuna mini kuɗin wata biyu cif, bai taɓa ko sisi ba. Ba talauci ne ya hana shi biya ba, shawara aka ba shi. Yana ta nuna mini hotunan ma'aunin zafi a wayarsa yana cewa ai shi aka zalunta. Gaskiya ya faɗa, an zalunce shi. Amma bai taɓa rubuta wa masu gidan takarda ba, kuma bai biya ba, sai gaskiyar tasa ta rasa ƙafar tsayawa. Wanda ya ba shi shawarar bai zo kotun ba.

Daga ina jita-jitar take fitowa? Wuri biyu na gano. Na farko, akwai jihohin da suke da wani abu mai kama da haka. A Ohio da Maryland ɗan haya yana iya kai kuɗin kotu a ajiye har a yi gyara. Ki lura, kotu ake kai wa, bayan an bi matakai, ba aljihu ake mayarwa ba. Mutum ya zauna a Columbus ta Ohio ko Baltimore ta Maryland, ya ji rabin labari, ya ƙaura Arizona da shi yana rabawa. Na biyu, mun taho da lissafin gida. A Nijeriya wanda ya biya hayar shekara ya saba jin sai an ba shi notis na wata shida, shari'a kuma ta yi ta jan ƙafa, ga dattawan unguwa da za su shiga tsakani a ba da haƙuri. A nan yawancin manyan rukunonin gidaje kamfani ne ke da su, manajan da kike gani ma'aikaci ne, kwamfuta ce take fitar da sunan duk wanda bai biya ba a tura wa lauya. Babu wanda za a je a gaisar a roƙa.

Shi kuwa bawan Allahn da ya ce ya yi ya ci nasara, mai yiwuwa ne nasa mai gidan ya ga gyara ya fi masa sauƙi da zuwa kotu. Sa'a ya taka. Ba a ɗora ran jaririya da tsohuwa a kan sa'ar wani. Ina roƙon masu irin wannan fatawa su ji tsoron Allah. Wanda bai taɓa buɗe dokar jihar da yake zaune a ciki ba, bai san ko akwai bambanci tsakanin Phoenix da Dallas ba, me ya kai shi gaya wa matar da mijinta ba ya gari ta ƙi biyan haya? Haka masu karɓar dala ɗari ko ɗari biyu su cika wa mutane takardu alhali ba lauyoyi ba ne. Idan abin ya ɓaci, wayarsu a kashe.

Za a ce mini ai doka ta yarda ɗan haya ya kawo kukansa a cikin shari'ar korar, ya ce shi ma yana bin mai gida. Haka ne, ta yarda. Amma alƙali yana iya cewa a fara ajiye kuɗin a kotu, kuma zai tambaya ina takardar da kuka ba mai gida. Wannan garkuwa ce ta wanda ruwa ya riga ya ci, ba hanyar da mai hankali zai zaɓa da ƙafarsa ba.

Ga abin da dokar ta ba ki, kuma ba kaɗan ba ne. Mabuɗinsa duka takarda ce. Zuwanki ofis sau uku, a idon kotu kamar ba ki je ba, domin manaja yana iya cewa bai tuna ba. Yau ki rubuta wasiƙa da Turanci mai sauƙi: kwanan wata, lambar ɗakinku, ranar da na'urar ta mutu, zafin da ma'auni ya nuna, cewa akwai jaririya da tsohuwa marar lafiya, da cewa kina neman gyara nan take bisa sashe na 33-1364. Ki yi kwafi biyu, ki kai da hannunki, ki sa su sa hannu a naki, in sun ƙi ki tafi da shaida ki ɗauki hoto. Kai wa da hannu ya fi sauri, domin wasiƙar da aka aika ta gidan waya mai rajista ana ɗaukar ta isa ne ranar da aka karɓa ko bayan kwana biyar da aikawa. Ki tura ta imel ma don ƙarin hujja. Ki sayi ƙaramin ma'aunin zafi ki ajiye a tsakiyar ɗaki, nesa da taga, kina ɗaukar hotonsa safe da rana da dare.

Bayan takardar, sashen ya ba ki zaɓi uku, ɗaya za ki ɗauka. Kina iya samo sanyin da kanki ki cire abin da kika kashe daga haya, matuƙar kuɗin bai wuce hankali ba. Kina iya zama ki nemi diyyar raguwar darajar gidan a kwanakin da babu sanyi. Ko ki koma wani masauki, wato otal, a yafe miki hayar waɗannan kwanaki. Da kuɗinku, dala 1,500 a wata ta kama kusan 50 a rana. Idan kuka yi kwana shida a otal, an yafe 300, kuma idan otal ɗin ya fi haka tsada kina iya neman ƙarin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na abin da aka yafe ba, wato 75, bayan kin miƙa rasit. Ban ce ya isa ba. A ganina dokar ta yi rowa a nan, domin iyali mai mutum huɗu ba ya samun masaukin kirki da wannan. Amma halal ɗinki ne, kuma ba ya jefa ki a rajistar korarru.

Kin ga bambancin? Wancan ya riƙe kuɗi gaba ɗaya don ya matsa wa mai gida. Ke za ki biya, ki cire abin da doka ta lissafa, da takarda a gaba da rasit a baya. Duk da haka, kada ki cire ko dala ɗaya sai wani lauya ya duba lissafin. Kuskuren dala hamsin ya isa a ce ba ki cika haya ba. Tun da saura kwana uku, shawarata ki biya kuɗin Agusta cif a kan lokaci, ta hanyar da za ta bar shaida, sannan a bi haƙƙinki daga baya. Wanda ya biya yana magana da ƙarfi.

Akwai wasu hanyoyi biyu da za ki ji ana ambata. Ɗaya ita ce ki kira mai gyara mai lasisi ki cire kuɗin, amma iyakarta dala 300 ko rabin hayar wata, wanda ya fi yawa, wato 750 a wurinku, kuma idan kwamfireso ne, wato babban injin na'urar, ya ƙone wannan ba zai kai ko'ina ba. Ɗayar ita ce takardar kwana biyar ta lafiya da tsaro. Mutane da yawa suna aika ta ba su san me take nufi ba. Ma'anarta, idan ba a gyara cikin kwana biyar ba yarjejeniyar haya ta ƙare, ku kwashe kayanku. Idan kuna da inda za ku koma kuma kun gaji da gidan, hanya ce mai kyau. Idan babu, kada ki sa hannu a kanta, kuma kada ki yanke wannan sai kun yi magana da baban yara.

Ki kai ƙara sashen kula da unguwanni na birnin Phoenix su turo mai duba gida. Ba zan ɓoye miki ba, a tsakiyar bazara layin yana da tsawo, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya: an rubuta 82 a doka, amma tsohuwa tana iya galabaita kafin mai dubawa ya iso, kuma tarar da za a ci mai gida ba ta sanyaya ɗaki a daren yau. Duk da haka ki kira, ki karɓi lambar ƙorafin ki ajiye, domin rahotonsu hujja ce da manaja ba zai iya musantawa ba. Ofishin babbar lauyar jihar, Kris Mayes, shi ma yana karɓar irin wannan ƙorafi, kuma ya taɓa maka masu gidajen haya a kotu a kan barin mutane cikin zafi. Idan maƙwabtanki ma tasu ta mutu, ku kai tare, kowa da takardarsa. Don lauya na kyauta ki nemi Community Legal Services, masu taimakon marasa ƙarfi a gundumar.

Kada tsoron ramuwa ya hana ki. Doka ta hana mai gida ya ƙara muku haya, ko ya rage muku wani abu, ko ya nemi korarku saboda kun kai ƙara, kuma idan ya yi haka cikin wata shida da ƙorafinku, kotu tana fara ɗauka cewa ramuwa ce sai ya kawo hujjar akasin haka. Amma ki lura da wannan: kariyar ba ta rufe wanda ake bin sa kuɗin haya. Kin ga mun sake dawowa wuri ɗaya.

Uzurin "ana jiran kayan gyara" kuwa, yana iya zama gaskiya, domin a Yuli masu gyara ba sa zama. Amma jiran kaya bai hana su kawo muku na'urar tafi-da-gidanka ko ta taga ba, bai hana su buɗe muku wani ɗakin da babu kowa ba. Ki rubuta wannan buƙata a cikin wasiƙar da baƙin alƙalami. Sau da yawa ranar da takarda mai ambaton sashen doka ta isa tebur, a ranar ake samo abin da aka ce babu.

Ina da magana da shugabannin al'ummarmu da limamanmu na wannan gari. Muna tara kuɗi cikin dare ɗaya idan aka yi rasuwa, Allah ya saka. Me zai hana mu sayi na'urorin tafi-da-gidanka uku ko huɗu a ajiye a masallaci, duk gidan da tasu ta mutu a ara musu? Me zai hana a san gidajen da ke da tsofaffi, da matan da mazansu ke kan hanya, a riƙa leƙa su daga Yuni zuwa Satumba? A Shikago a 1995 mutum sama da 700 zafi ya kashe cikin 'yan kwanaki, da yawansu tsofaffi ne da suka mutu su kaɗai a bayan ƙofa a kulle. Haƙƙin maƙwabtaka da muke ji a huɗuba, a wannan gari a watan Yuli, shi ne ka ƙwanƙwasa ƙofa ka tambaya ko sanyinsu yana aiki. Wanda kuma aka tambaye shi abin da bai sani ba na doka, ya tura mai tambaya wurin masu sani, ya fi masa lada da ya yi fatawar da za ta kwana da iyali a titi.

Idan duk da haka wata takarda ta zo daga kotu, 'yar'uwa, kada ki ajiye ta sai baban yara ya dawo. Ki duba ranar zama, ki halarta ko da ta waya ce, domin wanda bai zo ba a bayansa ake yanke hukunci. Ki nemi tafinta, kyauta ne. Ki tafi da kwafin wasiƙarki da hotunan ma'auni da rasit ɗin biyan haya. Yanzu dai ki tashi ki haɗa wa Hajiya magungunanta da kayan jaririya ku bar ɗakin, wasiƙar kina iya rubuta ta a inda kuka sauka ki kai ofis da safe.